Babu Mac a Sorasaigh

Glasgow, 2 ga Oktoba, 1957

Zuwa ga Yaya Marsaili 'yar Iain Gurgu, a tsibirin Sorasaigh,

Gaisuwa cike da kwando, an danna an ƙara. Ina fata gwiwar nan taki ta sassauta, dankalin bana kuma bai ruɓe a ƙasa ba. Mu nan lafiya, in ban da tarin da hayaƙin birni ke raba wa kowa kyauta. Matata Jean tana gaishe ki, ko da yake har yau in za ta faɗi sunanki sai ta karya shi gida uku.

Na san abin da za ki ce tun kafin ki kai ƙarshen layin nan: Torcull ɗan gwanjo ba ya lasar kan sarki sai da dalili. Gaskiyarki. Wata tara ke nan da rasuwar ƙaninki Lachlann, sai yau nake miki ta'aziyya da hannuna. Kakata da kakanki ciki ɗaya suka fito, wannan kaɗai ya isa a gan ni a bakin kabari, ba a gan ni ba. Allah Ya ji ƙansa, ni kuma ki yafe.

Labari ya iske ni har rumfa cewa hukuma za ta tsayar da jirgin ruwan da ke kai muku wasiƙa a ƙarshen Mayu, wai mutum goma sha ɗaya ba su isa a ƙona musu gawayi ba. Tsibirin da jirgi ba ya zuwa kuwa ba gari ba ne, dutse ne a ruwa. Ke ma kin sani, shi ya sa ba ki rubuto ba.

To ga dalilin kan sarkin. Eachann ɗan Mòr mai saƙa, wanda jaridun nan ke kira Farfesa Hector Dewar, ya rasu a Edinburgh cikin Agusta. Shekara arba'in ya yi yana leƙen ɗigon ruwan teku a madubi don ya gano abin da kifi ke ci, har manya suka riƙa tashi tsaye in ya shigo. Matar da ke masa aikin gida ce ta kawo mini kwat-kwat ɗinsa in saya. Na ba ta kujera da shayi, bakinta ya buɗe. Shekara talatin ina sayar da tufafin matattu, ban taɓa samun abin da na samu a cinikin nan ba.

Ga iyakar abin da zan sa a takarda. Wata wasiƙa za ta zo miki daga lauyoyinsa. Tambaya ce. In aka amsa ta daidai, jirgi ba zai daina zuwa Sorasaigh ba. Sauran ba zan rubuta ba, don na san butar Ciorstaidh ta gidan waya ba shayi kaɗai take dafawa ba, tururinta ya fi wuƙa iya buɗe ambulan. Sannu da aiki, Ciorstaidh. In magana ta fita, duk wani Dewar daga nan har Kanada zai tuna cewa ƙasar kakanninsa na kiransa.

Ki amsa musu da gaskiya tsagwaronta, kada ki ƙara ko ƙwayar gishiri. Ni da na ci abinci da ƙarin gishiri duk rayuwata nake gaya miki, wannan karon gaskiya ce hajar da ke da kasuwa.

Ɗan uwanki,
Torcull

*

Sorasaigh, 17 ga Oktoba, 1957

Torcull,

Na karɓi gaisuwarka da ta'aziyyarka. Ta makara, amma mamaci ba ya sauri. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Dankali ya yi, tumaki sun yi, mutane ne dai ba su yi ba. Mu goma sha ɗaya ne har yanzu, ƙaraminmu shekararsa hamsin da biyu.

Wasiƙarka da ta lauyoyin jirgi ɗaya suka shigo. Ciorstaidh ta miƙo mini su ta ce, "Ki gaya wa ɗan kasuwar nan na amsa sannunsa." Na ce, "Kin ko jira ambulan ɗin ya bushe?" Ta ce aikin gwamnati ba ya jira.

Takardar lauyoyi da Turanci take, amma a tsakiyarta sun rubuta sunan gidanmu da harshenmu, babu kuskure ko ɗaya. Na daɗe ina kallonsa. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin sunan nan an buga shi da inji ba. A makaranta Dewar ne, a takardar tumaki Dewar ne, a jikin dutsen kabarin Baba ma Dewar ne, don mai sassaƙar ɗan babban gari ne. Tambayar guda ɗaya ce: shin akwai wani Mac an Deòir da ke zaune a Sorasaigh a yau?

Jirgin awa ɗaya yake tsayawa, don haka a kan teburin Ciorstaidh na amsa. Mijinta Niall, dattijon cocinmu, yana tsaye a kaina ya ce, "Me lauya ke nema wurin tsohuwa?" Na ce, "Maza yake nema, kamar kowa." Na rubuta musu: Babu. Na ƙarshe shi ne Lachlann ɗan Iain, ya rasu ran sha tara ga Janairu, yana kwance kusa da ubansa. Na sa hannu da Marjory Dewar, yadda ake sa wa masu Turanci. Ka ce gaskiya ba gishiri, ka samu.

Eachann kuwa, Allah Ya ji ƙansa. Benci ɗaya muka zauna a makaranta har ya kai sha biyu, aka ɗauke shi zuwa karatu. Sau ɗaya ya dawo, da kwalabe cike da akwati, ya yi mako biyu yana ɗibar ruwa a bayan duwatsu. Uwarsa ta yi masa magana da harshenmu, ya amsa mata kamar mai ɗauke da dankali mai zafi a baki. Ta ce da ni, "Na aika ɗa makaranta, an maido mini baƙo mai ladabi." Ban san abin da yake so da mu yanzu da ya mutu ba. In gado ne na maza, to ya makara da wata tara, kamar wasu.

Ka faɗa mini yadda wannan zai hana a tsayar mana da jirgi. Ban gane ba.

Marsaili

*

Glasgow, 25 ga Oktoba, 1957

Yaya Marsaili,

Ina fata kina lafiya. Ni dai tun da na karanta wasiƙarki ban ci abin kirki ba, Jean har ta ɗauka haƙori ne.

Bari in faɗi duka, Ciorstaidh ta karanta ta ƙoshi. Eachann ya bar wasiyya a gina gidan binciken teku da sunansa. Ma'aikata goma sha biyu da matansu da 'ya'yansu, sabuwar matsayar jirgi, makaranta ta sake buɗewa. Ya ce a gina shi a Sorasaigh "muddin hayaƙin wani Mac an Deòir yana tashi a can." In babu, jami'a ta gina inda ta ga dama. Mutumin da ya rayu yana Dewar, ya ci abinci yana Dewar, sai da ya zo wasiyya harshen uwarsa ya motsa masa. Da ya rubuta Dewar, da kin ce ga ni.

Laifina ne. Na zauna cikin mutanen nan har na manta cewa a gida in aka ce Mac, ɗa ake nufi. A nan kuwa mace ma Mac ce, kare ma in yana da takarda Mac ne.

Jiya na rufe rumfa na hau jirgin ƙasa zuwa Edinburgh. Na sa kwat ɗin Farfesan kansa, na ce ko ƙofa za ta gane shi. Lauya bai fito ba, akawunsa ya fito, wani siriri mai tsabtar farce, ya shimfiɗa mini amsarki a tebur.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wadda ta rubuta babu ɗin nan, ita ce akwai ɗin. Dubi sa hannunta."

Ya ce, "Na ga Dewar. Dewar shafi uku ne a littafin tarho. Wasiyya ba ta ce Dewar ba."

Na ce, "Suna ɗaya ne, riga ce kawai ya canza. A harshenmu Mac ɗa ne, Nic 'ya ce. Ɗan gidan Mac an Deòir, 'yar gidan Nic an Deòir. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya ce, "Wato ita Nic ce."

Na ce, "Sarai."

Ya ce, "Wato ba Mac ba ce."

Kin san ni, in ciniki zai kuɓuce sai in ƙara yabon kaya. Na shiga ba shi asalin sunan. Na ce deòir baƙo ne, mai yawon ibada da ya bar garinsu saboda Allah, irin waɗanda a zamanin da ake ba ajiyar sandar waliyyi ko ƙararrawarsa. Na ce amana ce babba, ba a ba kowa, ɗa ke gadonta daga uba. Ya ɗago kai ya ce, "Ɗa daga uba. Na gode, Malam MacPhail." Ya rubuta. Shekara talatin a kasuwa, ban taɓa taya wa kaina kaya ƙasa irin na jiya ba.

Na ce to ni fa, kakata Nic an Deòir ce, in tattara in koma in hura wuta. Ya ce sunan kaka ba ya hayaƙi.

Amma ban fito hannu rabbana ba. Kwamitin wasiyya zai zauna ran sha biyu ga Disamba. In kafin ranar suka sami takardar rantsuwa daga gare ki, da shaidar dattijon coci, cewa amsar farko kuskure ce kuma ke Mac an Deòir ce, dole su duba. Ga ta nan a ciki, akawun ne ya buga. Layi ɗaya ne: "Ni, Marjory Dewar, na rantse cewa ni Mac an Deòir ce." Ki sa hannu, Niall ya sa nasa, ki ba jirgi. Ba a ce ki fito da gemu ba.

Torcull

*

Sorasaigh, 7 ga Nuwamba, 1957

Torcull,

Muna lafiya. Iska ta juya yamma, ta ɗauke wa gwauruwar marigayi Ailig rabin rufi, mun taru mun ɗaure.

Na karanta wasiƙarka a coci bayan addu'ar Laraba, don Ciorstaidh ta riga ni rabawa, gara su ji ta a jere. Da na kai wurin da ka ce ɗa daga uba, Niall ya ce, "Wannan uwarsa ma ta ce bakinsa ne zai kashe shi." An yi dariya. Sai kowa ya juyo yana kallona.

Ciorstaidh ta ce, "Sa hannu mana, Marsaili. Harafi uku ne. Ni da zan sami makaranta cike da yara, ko Saniya aka ce in rubuta zan rubuta."

Na ce, "Ke ba za ki yi ƙarya ba in kin rubuta."

Niall bai yi dariyar wannan ba. Ya ce shi ne zai riƙe Littafi Mai Tsarki ina rantsuwa, kuma bai san yadda zai tsaya gaban Ubangiji ya shaida cewa 'yar Iain ta zama ɗan Iain ba. Ya ce amma in na sa hannu zai sa, nauyin mu raba.

Ka ce ba a ce in fito da gemu ba. Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, don kai kana yaro ka bar nan. Shekara tara Baba ya yi yana jiran ɗa bayan an haife ni. Ni na yi masa tuƙin kwale-kwale, ni na yanka baƙar ƙasar da muke busarwa mu hura wuta, ni na ɗauki buhu a baya saboda ƙafarsa. Maƙwabta na ce masa, "Ai Marsaili ta fi ɗa." Yana cewa, "Ta fi, amma ba shi ba ce." Ranar da aka haifi Lachlann, Baba ya fita ƙofar gida ya faɗa wa teku sunan. Ban ji haushi ba. Na Lachlann ne. Na riƙe shi yana jariri, na rufe masa ido yana tsoho. Takalmansa suna bayan ƙofa ban iya sa ƙafa a ciki ba ko da ruwa ya ci nawa. Yanzu kana so in sa sunansa ina rantsuwa.

Na gyara takardar. Na soke Mac na rubuta Nic a samansa, na sa hannu, Niall ya shaida da zuciya ɗaya. Ga ta nan. Hayaƙina yana tashi kullum, duk wanda ya zo zai gani. Su da suka yi karatu, su gyara tambayarsu.

Marsaili Nic an Deòir

*

Glasgow, 15 ga Nuwamba, 1957

Yaya,

Allah Ya ƙara lafiya. Ba ni da dogon baki yau.

Na kai takardarki da kaina. Akawun ya duba, ya ce sunan bai dace da na wasiyya ba, kuma takardar rantsuwa in aka soke harafi a cikinta ta mutu. Ya ce, "Yanzu sau biyu ke nan ta gaya mana ba ita ba ce." Ya yi mini kirki, ya buga wata, ga ta nan a ciki. Ya ce ita ce ta ƙarshe, injinsa ba na coci ba ne.

Kin ce su gyara tambayarsu. Yaya, mai son saye ne ke gyara tambaya. Na yi 'yan shaye-shayen shayi a Edinburgh, na ji abin da na ji. Mutanen jami'a sun riga sun ga wani fili a babban gari, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda matansu za su sami kanti. Amsar nan taki ta babu ta faɗo musu kamar tsuntsu daga sama gasasshe. Ba mugaye ba ne, ba su dai son amai a cikin jirgin ruwa.

Na koma wurin mai aikin Eachann, ko ya taɓa ambatar ki, in sami abin riƙewa. Ta ce ranar da ya rubuta wasiyyar ya tambayi wani ɗan tsibiri ko Lachlann na da rai, aka ce yana nan. Ya ce to shi ke nan. Ba zan yi miki ƙarya ba tunda kin hana ni. Bai manta da ke ba. Bai dai sa ki a lissafi ba.

Don haka ba don shi za ki sa hannu ba, ba kuma don Baba Iain ba. Ni a kasuwar nan an kira ni Mac, an kira ni Jock, wani Bayahude maƙwabcina shekara ashirin yana kira na Paul, ina amsawa. Suna takarda ce da ake liƙa wa kaya. Abin da ke cikin buhu bai san me aka rubuta a bayansa ba. In kin ƙi, ranar ɗaya ga Yuni ba Mac ba Nic, sai tsuntsaye. Wa zai share kabarin Lachlann, sunan?

Kwana ashirin da bakwai suka rage. Jirgi biyu.

Torcull

*

Glasgow, 13 ga Disamba, 1957

Marsaili,

Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya da ƙoshin gaskiya.

Kwamiti ya zauna jiya. Na tsaya a baranda tun tara na safe, ina duba ƙofa ko masinja zai shigo da ambulan. Zamansu bai kai shan kofin shayi ba. Gidan bincike ya tafi babban gari. Akawun ya fito ya ba ni hannu, ya ce kwat ɗina ya yi kyau.

Mako huɗu ban ji daga gare ki ba, ko layi ɗaya na cewa a'a. Ko mai taya kaya da rainin wayo yakan ce ba zan saya ba kafin ya juya. Kin riƙe haruffanki uku. Allah Ya sa su yi ɗumi, don da su mutum goma za su yi bargo. Baba Iain ya ce kin fi ɗa amma ba shi ba ce. Ya san ki. Da ɗa ne, da ya sa hannu ya je ya yi kukansa a bayan gida.

Ba sai kin amsa ba.

T. MacPhail

*

Sorasaigh, 6 ga Janairu, 1958

Torcull,

Barka da sabuwar shekara. Muna da rai. Gwauruwar Ailig ta rasu ran ashirin ga Disamba, ƙirji ne, likita bai sami hanya ba. Mu goma ne.

Wasiƙarka ta sha biyar ga Nuwamba ta zo ran ashirin da ɗaya. Jirgin da ya kawo ta shi ne na ƙarshe da muka gani sai yau. Mako shida da rabi teku bai kwanta ba. Sau biyu mun hango shi ya zo bakin mashiga ya juya. Gari ya ƙare, shayi ya ƙare, mun koma kifin gishiri da dankali safe da yamma.

Ban sa hannu a awar da jirgin ya tsaya ba. Wannan kam nawa ne, ba na teku ba. Na ce in kwana da ita, akwai wani jirgin. Washegari na je kabarin Lachlann na share, na dawo na kira Niall. Ya zo da Littafi a hammata, ya aza a tebur. Na ɗora hannu na karanta layin da ƙarfi yadda doka ta ce. Niall yana kallon bango. Da na gama ya ce, "To, Allah Ya gafarta mana, ɗan Iain." Ya so ya ba ni dariya ne. Ba wanda ya yi.

Ran ashirin da biyu ga Nuwamba ke nan. Tun ranar takardar tana cikin jakar wasiƙa a gidan Ciorstaidh. Yau da ta karanta taka ta Disamba, ta ciro ambulan ɗin ta kawo mini har gida, ba ta buɗe shi ba. Ta ce, "Ƙona shi, ba wanda ya gani sai mu uku." Na ce ta mayar. Na riga na rantse, ƙona takarda ba ya kwance rantsuwa. Za ta tafi Edinburgh a jirgin da zai kawo maka wannan. Su ajiye a inda suke ajiye irinta.

Maganar da ka yi a kan Baba na karanta. Ban yi kuka a bayan gida ba, iska ba ta bari a fita ba.

Marsaili

*

Glasgow, 20 ga Janairu, 1958

Yaya Marsaili,

Na fara wasiƙar nan sau huɗu. Ni da nake sayar wa mai ƙiba wandon siriri ya tafi yana godiya, na rasa kalma ɗaya mai kyau. Ki yafe mini.

Na koma wurin akawun na nuna masa tambarin gidan waya na ashirin da biyu ga Nuwamba a jikin ambulan ɗinki. Ya karanta rantsuwarki har ƙarshe, ya ce yanzu kam ta yi daidai. Ya ce da ta zo a kan lokaci da kwamiti ya sha wuyar ƙin ta. An riga an sa hannu a kan filin. Ya huda ta ya sa a fayil.

Akwai ɗaki a gidanmu, na 'yarmu da ta yi aure. Hawa na uku ne, gwiwarki za ta zage ni kullum. Tagarsa bangon masana'anta take kallo, ba zan ce miki teku ba ne. Jean ta ce ki zo. Da bakinta ta faɗa, ban sa ta ba.

In lokaci ya yi, ki rubuta Miss M. Dewar a jikin kowane akwati da manyan haruffa. 'Yan dakon tasha shi kaɗai za su iya karantawa, kuma da shi za a kira ki a asibiti da ofishin 'yan fansho.

Ɗan uwanki,
Torcull

*

Sorasaigh, 22 ga Mayu, 1958

Torcull,

Ina lafiya. Ka gaishe da Jean, ka ce na gode.

Jirgin ƙarshe Alhamis mai zuwa ne, ashirin da tara. An kwashe tumaki makon jiya. Niall da Ciorstaidh za su wurin ɗansu a Greenock, sauran hukuma ta raba su gari uku. Ranar Lahadi Niall ya yi mana addu'a, ya kulle coci, ya tsaya da mabuɗi a hannu ya rasa wanda zai ba. Ciorstaidh ta ce, "Bar shi a jikin ƙofar, wa zai sata?"

Ba ni da kaya da yawa. Akwati biyu, da keken zare, da agogon bango. Karen na ba matuƙin jirgi, ya ce yana da fili. Gado da tebur ba za su wuce ƙofa ba, a cikin ɗakin Baba ya haɗa su. Ka ce wa Jean kada ta sayi komai saboda ni, ba na cin da yawa.

Zan kwana a babban gari, in hau jirgin ƙasa na safe ranar Juma'a. An ce yana isa Glasgow da huɗu da kwata. Ban taɓa hawa ba. Ka zo da wuri, kada ka tsaya ciniki a hanya. Shekara arba'in ba ka gan ni ba, na yi fari, na rage tsawo, zan sa baƙin mayafi.

Na rubuta sunan a jikin akwatunan yadda ka ce. In ka ji ana kiransa a tasha ban waiga ba, ba taurin kai ba ne. Ka zo ka taɓa kafaɗata.

Marsaili